Dokin da Ke Gidan E-Biyar

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. A aji huɗu na tsaya a firamare, kuma ni ko mutum uku ne suka zuba min ido sai muryata ta maƙale. Amma Mama ta ce in rubuta, tunda ni kaɗai na san abin da ya sami dokin nan.

Ranar Talata ce da hantsi. Yaya yana kwance, ido a rufe, da jiƙaƙƙen tawul a goshinsa. Mama, mahaifiyarsa, tana bakin gado tana yi masa fifita. Ni kuma ina kan ƙaramar kujera a gaban allon wasan.

"Shiru," ya ce, domin da wannan sunan yake kirana tun ina ƙarama, "doki daga e-biyar, ya ci sojan da ke f-bakwai."

Na duba allon. "Yaya, babu doki a e-biyar. Yana e-huɗu."

Ya buɗe ido.

Ba cikinmu ɗaya da shi ba, katanga ce kawai tsakanin gidanmu da nasu. Wasan ces yake yi, dara ce ta sarki da sarauniya da dawakai da sojoji. Da marafan kwalba ya koya a bayan kwali yana ɗan shekara tara. Yana da sha tara ya cinye gasar ƙasa. Kofunansa sun cika saman kabad, har Mama tana ajiye allura da zare a cikin guda. Duk Asabar yara sukan cika ƙofar gidan suna kiransa Koci, yana bi tsakaninsu yana cewa, "Zauna kan hannunka sai ka gama tunani." A bara, Dogo, babban abokin karawarsa, ya ƙwace masa kofin a wasan ƙarshe. Yana shirin ramawa ne ciwon kai ya fara. Likita ya ce ƙari ne a cikin kan.

Da zama ya gagare shi, shi da Dogo suka fara wasa ta waya, motsi ɗaya a rana. Hannunsa na rawa, idonsa ba ya jure kallon fuskar waya, sai na zama hannunsa. Da haruffa takwas da lambobi takwas ake kiran gidajen allon, nan karatuna ya yi min rana. Shi kuwa duk wasan yana cikin kansa. Ya hana a rubuta, duk saƙon da ya shigo sai ya sa na goge bayan na motsa.

"Ranar da na nemi takarda, ranar na gama," in ji shi.

Shi ya sa da na ce dokin yana e-huɗu, bai yarda ba.

"Sake dubawa."

"E-huɗu ne, Yaya."

Ya daɗe yana kallon silin. Leɓensa na motsi, yana bin wasan tun daga farko. Sannan ya ce a hankali, "Mama, abin ya iso."

"Wane abu kuma? Ka daina irin wannan magana."

"Likita ya ce zan fara mantuwa. Ga shi an fara da doki."

A lokacin ne na ga zoben. Yaya ya hana a goge allon har a gama wasan, don haka ƙura ta ɗan kwanta a kai. A gidan e-biyar akwai wani zagaye fes, daidai gindin doki. Sai na tuna. Jiya da na kawo shayi gefen mayafina ya ture dokin, Yaya yana barci. Na ɗauka da sauri na mayar, a zatona daidai na ajiye.

Na so in faɗa. Mama tana share hawaye da bayan hannu. Na ce a raina bari ta fita tukuna. Da ta fita sai na ce bari ya huta. Da ya huta sai na tafi gida.

Laraba bai ci komai ba. Wayarsa ta yi ƙara, na karanta masa saƙon Dogo: "Ranka ya daɗe, tsoro ne ko barci?" Da a da ne sai ya yi dariya ya ce in rubuta masa baƙar magana. Ya juya fuska bango.

"Ka tambaye shi mana inda dokin yake," in ji Mama.

"In tambayi Dogo inda dokina yake? Gara a fita da ni."

Na tsaya riƙe da faranti. Idan na faɗi gaskiya fa? Me zai ce? Wata biyu yana yabona gaban Mama, wai ban taɓa kuskure ba. A gida na ɗora tukunya na manta da ita har ta kama. Innata ta ce, "Ke lafiya kuwa?" Na ce lafiya.

Alhamis da safe na tarar numfashinsa ya canza, yana ja da ƙyar. Ya ce a ɗaga shi, muka sa masa filo biyu a baya.

"Shiru, kwantar da sarkina."

Na san ma'anar wannan. Na ga yana koya wa yara: idan ka tabbata an cinye ka, ka kwantar da sarkinka, ka miƙa hannu. Shi ban taɓa jin ya kwantar ba, ko bara lokaci ne ya ƙare masa.

"Ba zan yi wasa da kan da ba nawa ba," ya ce. "Kwantar."

Na miƙa hannu har yatsana ya kusa taɓa kan sarkin. Sai na zauna a kan hannun.

"Ni ce."

"Me kika ce?"

"Ni na ture shi. Ranar Litinin, da mayafi. Na mayar ba daidai ba. Ga wurinsa nan, ƙura ba ta hau ba." Ina magana ina kuka, ban san ma ko sun ji ni ba.

Mama ta ajiye mafici. "Haba 'yar nan. Kwana biyu kina kallonsa?"

"Ku kawo allon," in ji Yaya.

Muka ɗauko teburin ni da Mama a hankali kamar mai cike da ruwa, muka kai gefen gado. Ya kanne ido ɗaya, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa katakon. Ya daɗe. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Na ɗauka tari ne, ashe dariya ce.

"E-biyar," ya ce. "Mama, kin gani? E-biyar."

"Na gani," in ji Mama, wadda ba ta san e daga f ba.

"Ka yafe min, Yaya."

"Ke dai sunan nan ya bi ki. Mutum na mutuwa, ke kina shiru." Ya koma ya jingina. "To, ai kin san doka. Abin da aka taɓa shi ake motsawa. Kin taɓa doki, sai ki tafi da shi."

Na mayar da dokin cikin zobensa, sannan na ɗaga shi na ci sojan f-bakwai. Na tura wa Dogo.

"Da sarkinsa zai cinye dokin," in ji Yaya, ido a rufe. "Ba shi da wata hanya. Idan ya ci, ki kai sarauniya h-biyar. Maimaita."

"Sarauniya h-biyar."

"Kada ki ture ta."

Ya nemi shayi, ya sha rabin kofi. Da yamma, rana ba ta faɗi ba, ya cika, kansa a cinyar Mama.

Dogo ya zo washegari. Tsawonsa sai da ya sunkuya a ƙofa. Ya durƙusa ya yi wa Mama gaisuwa, sannan ya je gaban allon ya tsaya, hannu a baya.

"Ke ce hannun nasa?"

Na ɗaga kai.

"Na so in kwantar da sarkina don girmama shi," ya ce. "Amma da ya gani sai ya zage ni." Ya ɗauki baƙin sarki ya ci dokin, ya miƙo min shi. "Ya bar wata magana?"

"Ya bari. Amma motsi ɗaya ne a rana."

Ya dube ni, ya dubi allon. Idonsa ya tsaya a gefen dama, ya daɗe a wurin. Ya share fuska da tafin hannu ya fita.

Da gari ya waye na shiga gidan. Mama tana zaune a tsakar gida, ta nuna min ɗakin da haɓa. An naɗe katifar, kwalaben magani suna nan a kan taga. Na ɗaure mayafina a ƙugu, na zauna a ƙaramar kujera. Na ɗaga farar sarauniya da yatsu biyu, na bi da ita a karkace ina ƙirga gidajen, na ajiye ta a h-biyar. Tun farkon wasan ba ta taɓa motsawa ba. Inda ta tashi, katakon yana sheƙi kamar sabo.