Sakiyar Nagoggo

"Ku danne ta da kyau!" in ji Sha'aban wanzami, yana zaro kibiyar sakiya daga garwashi, bakinta ya yi jajir.

Safiyatu ce a ƙafafu. Shekara goma sha tara suna maƙwabtaka da Nagoggo a garin Babban Mutum, yau ga ta zaune a kan gwiwoyinta kamar za a yanka akuya. Ƙarfen ya nutse cikin nonon hagu, ƙauri ya cika ɗakin. Nagoggo ta kurma ihu, ta gantsara wa matar da ke riƙe da kanta cizo har sai da fata ta ɓare.

Safiyatu ta san ba dole sai haka ba. Ta taɓa aikin girki a Daura, gidan Hajiya Lubna, wadda irin wannan ciwon dajin ya kama. Masar aka fita da ita, bayan wata biyar ta dawo da ƙafarta. Nagoggo kuwa, mijinta Harisu shanun huɗarsa ya sayar, ya kai ta babban asibiti mai tafiyar yini guda. Aka ce na'urar gasa ciwon daji ta lalace, su dawo bayan wata huɗu. Da suka koma, aka ce layi bai zo kansu ba.

Jini ya ƙi tsayawa. Zane na uku ya jiƙe sharkaf.

Harisu ya faɗo daga zaure, ya shaƙo wuyan wanzamin, ya maka shi da bango.

"Kai ka ce mugunya ce kawai za ta fita!"

"Kai ka kira ni, Harisu!"

Harisu ya kai masa naushi a baki, haƙori ya yi tsalle cikin toka. Ya rarumo taɓarya. Safiyatu ta rataye a hannunsa, ya watsar da ita kan kwanoni.

"Malam," Nagoggo ta ce, da ƙyar ake ji. "Ƙyale shi. Ba shi ya sa mini ciwon ba."

Taɓaryar ta faɗi. Harisu ya juya ya dinga dukan bango har yatsunsa suka karye.

Kwana uku Nagoggo ta ƙara. Bayan La'asar ta cika, kanta a cinyar Safiyatu, kuma Safiyatun ce ta yi mata wanka.

Maza na dawowa daga maƙabarta hadari ya haɗo daga gabas. A bayan ɗaki akwai kuɓewar da Nagoggo ta yanka daga zaune ta shanya a tabarma. Safiyatu ta durƙusa tana tattarawa, yayyafi na sauka a bayanta.