Ƙusar da Ban Ji Ba

Shekarata goma sha biyar da ciwon suga, kuma har yau ban haɗu da mutumin da bai fi ni sanin maganinsa ba. Direban mota ya sani. Mai gadin makarantarmu ya sani. Har wata mata da ta zo cire haƙori, muka haɗu a layin asibiti, ita ma ta sani: wai in daina allura, in riƙa shan ruwan wani ganye da sassafe. Ni da nake soka wa cikina allura sau huɗu a rana tun ina 'yar shekara goma sha biyu, ni kaɗai ce jahila a cikin maganar.

Da ciwon na yi karatu, da shi na yi digiri a lissafi, da shi na samu aikin koyarwa a makarantar 'yan mata. Ban taɓa roƙon a sassauta mini komai saboda shi ba. Shi ma bai sassauta mini ba. Ya fara da idon hagu, ya zuba mini wasu baƙaƙen ɗigo da ke yawo duk inda na duba. Daga nan ya sauko ƙafa. Da fari kamar tururuwa na bin tafin ƙafata, daga baya tururuwar ta tafi, ta tafi da jin komai. Shekara biyu ke nan ina tafiya kamar mai safa uku a ƙafa.

Likita ya kafa mini dokoki. Kada in taka ƙasa ba takalmi. A duba mini tafin ƙafa kowace yamma. Ya kuma rubuta mini wani takalmi mai faɗi da kaurin ƙasa, wanda ƙanwata Auta ta raɗa wa suna kwale-kwale. Sau biyu na sa shi, na tura shi ƙarƙashin gado, na koma wa takalmina falat mai laushi. Duban ƙafa kuwa Inna ce ta ɗauka, amma Inna ba ta iya ganin ko faso ba tare da ta rafka salati ta kira Gwaggo a waya ba. Na gaji. Na sayi ƙaramin madubi, na ce na sallame ta.

"Ke dai bokon nan ya ƙara miki taurin kai," in ji Inna.

"Ba boko ba ne, Inna. Ƙafata ce."

"To, mai ƙafa. Allah ya ba da sa'a."

Abin ya faru ne wata Alhamis, saura mako uku 'yan ajin ƙarshe su shiga babbar jarrabawa. Ajina ne, 'yan mata arba'in da ɗaya, ni na raino su tun ba su san kan lissafi ba. Da safe na manna sakamakon gwaji a allon sanarwa da irin 'yan ƙananan ƙusoshin nan masu faɗin kai, sannan na hau bene na uku. Ni ba na koyarwa a zaune. Ina zagayawa tsakanin tebura, ina leƙa littafin kowa. To, ran nan duk inda na nufa sai in ji ƙwas, ƙwas, ƙwas.

"Wace ce take buga biro a tebur?"

Duk suka ajiye biro.

Na ci gaba. Ƙwas, ƙwas.

"Wallahi in na kama mai wannan iskanci, sai ta yini a tsaye."

Suka dubi juna. Na kori wata 'yar baya da na saba zargi, ta fita tana rantsuwa. Ƙarar ba ta daina ba. Haka na yi darasi huɗu ina masifa.

Ina saukowa sai Iya mai shara ta biyo ni da tsumma a hannu.

"Malamar lissafi! Tsaya mana. Kaza kika yanko a jaka?"

"Kaza kuma, Iya?"

"To, ni dai tun daga sama nake goge jini, kuma duk inda kika bi nan ya bi."

Na shiga ofishin malamai, Allah ya sa ba kowa. Na ja takalmin dama, ya ƙi fita. Na ƙara ja, ya fito da ƙyar. Ƙusa ce ta huda ƙasan takalmin, ta shige ƙarƙashin babban yatsana. Kanta ne yake ta buga siminti tun safe. Na zauna ina kallonta, ina jiran zafi ya zo, ko yaya ne. Ko gezau. Ban ji tsoro ba a lokacin, haushi na ji. A ce ƙafar mutum ta yini da ƙusa a ciki, kunnensa ya ji, Iya mai shara ta gani, ita mai abin ba ta ce uffan ba.

Na wanke wurin, na shafa magani, na manna filasta. Na je na ba yarinyar da na kora haƙuri, ta yi ta kallona kamar ta ga sabon abu. Ban faɗa wa kowa a gida ba. Na san abin da zai biyo baya: Inna ta kira Gwaggo, Gwaggo ta kira dangi, likita ya ce in kwanta mako shida, a ba da ajina ga malamin da ke karanta amsa daga bayan littafi. Na ce ɗan huda ne, zai kame.

Kowace yamma ina ɗaga ƙafa in saita madubi. Ina ganin ɗigo baƙi. Amma ni duk inda na duba ɗigo baƙi nake gani, har a farar takarda. Sai in rufe idon hagu, in karkata madubin, in ce yana bushewa. Wanzami dai ba ya son jarfa. Ni da nake hana yara rubuta amsar da ransu ke so, ita na riƙa rubuta wa kaina kwana tara.

A kwana na bakwai awon sugana ya fara hawa ba dalili. Na ƙara allura, ya ƙi sauka. A na takwas takalmin ya matse ni, na ji sanyi-sanyi a jikina da tsakar rana. A na tara, da safe, Auta na gyara gadonta, don ɗaki ɗaya muke kwana, sai ta tsaya tana shinshina.

"Yaya, ɓera ya mutu a ɗakin nan."

"Hancinki ne."

"Wallahi akwai abin da ya mutu." Ta leƙa bayan akwati, ta leƙa ƙarƙashin gado, ta ɗago daidai ƙafata. Sannan ta buɗe baki iya ƙarfinta: "Inna!"

Inna ta zo ta ɓare filastar da kanta. Na jira salati, ban ji ba. Ta dai zauna a ƙasa da ƙafata a cinyarta, tana dubawa. Da ta yi ihu da ya fi mini sauƙi.

Kafin in gama shiri Gwaggo ta iso, ban san wa ya kira ta ba. Yayar Baba ce, kuma tun rasuwarsa ta naɗa kanta likitar gidanmu. Ta shigo da roba cike da ruwa yana tururi, da gishiri a ƙulle.

"Miƙo ƙafar, 'yar boko. A gasa ta, muguntar ta fito."

"Gwaggo, ƙafar da ba ta ji ƙusa ba, ita za ta ji ruwan zafi? Dafa ni za ki yi ban sani ba."

"Ji min fitsara! Mu da muka gasa ƙafar kakanki?"

"Kakan da aka yanke wa ƙafa?"

"Wannan ai asiri aka yi masa."

"To ni ƙusa ce ta yi mini. Auta, nemo mana mota."

A asibiti aka ba ni gado, aka ɗaura mini ruwa da magani. Mai kula da ɗakin wata babbar nas ce, kowa Sista yake ce mata, mace mai kaurin murya da ba ta san lallashi ba. Ta wanke ciwon, ta matsa, ta tura wani ɗan ƙarfe ciki har na ji yana karo da wani abu, a kunne, ba a ƙafa ba.

"Kin ji wannan? Ƙashi ne. Kwana nawa?"

"Tara."

"Me kike yi a rayuwa?"

"Malama ce."

"Malama!" Ta dubi Inna. "Hajiya, gara mini jahili, shi in ya ga jini gudu yake yi ya zo. Masu digirin nan sai sun gama lissafi."

Ta zaro biro daga aljihu, ta zagaye inda jan kumburin ya tsaya a bayan ƙafata, ta rubuta lokaci a gefe. "Wannan ce iyaka. In jan nan ya tsallake layina kafin gobe, ba ni za ki yi wa gardama ba, wuƙa za ki yi wa."

Likita ya zo da yamma da hoton ƙashi a hannu. Ya san ni tun ina yarinya, don haka bai yi kwana-kwana ba. Yatsan ya mutu, ƙashinsa ya ruɓe. In aka cire shi yanzu, da ɗan abin da ke bayansa, akwai fatan ƙafar ta tsira. In aka jira, magana za ta koma idon sawu, ko ƙasan gwiwa.

"Likita, ka ba ni kwana goma sha biyu. Yarana su shiga jarrabawa, in zo da kaina in kwanta."

"Kwana goma sha biyu." Ya cire tabarau ya murza ido. "Ƙwayar cuta ba ta karanta jadawalin jarrabawa, Malama."

"A ƙara ƙarfin maganin mana."

"Shi ne a hannunki yanzu. Jinin da zai kai shi yatsan ne babu."

Gwaggo ta sako baki daga bakin ƙofa. "Kada ki yarda su taɓa ki da wuƙa! Wa zai auri mace mai yatsu tara?"

"Gwaggo, goma sha tara za su rage. Ko na hannu ba sa cikin lissafi?"

Sista ta yi dariya har da riƙe ƙarfen gado. Ni ban yi ba. Na ce ba zan sa hannu ba sai na ga safiya. Na tsani a ce Gwaggo da ni muna gefe ɗaya, amma haka aka kwana.

Gari na wayewa na yaye zanen. Na rufe idon hagu, na buɗe, na sake rufewa. Sai na ji kunyar kaina. Na ce, "Auta, zo ki duba. Abin da kika gani za ki faɗa, ba abin da nake so ba."

Ta sunkuya. "Ya wuce, Yaya."

"Da nawa?"

Ta ɗora yatsunta biyu a wurin. Sun shige tsakanin layin da bakin jan, har da saura.

Na yi lissafin, don shi na iya. Faɗin yatsa biyu a awa goma sha shida. Daga nan zuwa idon sawuna bai kai yatsa takwas ba. Ko 'yar ajin farko za ta fitar da amsar, kuma ba ta kusa da kwana goma sha biyu.

"Kira Sista ta kawo takardar."

Na sa hannu da irin sa hannun da nake yi a kan sakamakon yara, babba, mai ja a ƙasa. Inna ta juya baya tana share ido da gefen mayafi. Gwaggo ta ce ita ba da ita ba, ta fita, amma Auta ta ce a bakin ɗakin tiyata ta zauna har aka fito da ni.

Kwana uku ƙafar tana naɗe, a ɗage a kan matashi biyu. Kwana ukun nan na ji sabbin magunguna bakwai daga bakin masu dubiya. Shugabar makaranta ta zo, ta ce kada in damu, an ba malamin nan ajin. Na ce na gode, na juya fuska bango. Daga baya na sa Auta ta kawo mini takardu, na riƙa rubuta tambayoyin bita a kwance, da manyan baƙi, tana kai musu. Jarrabawar dai ba da ni za a shiga ba, na haɗiye wannan kamar yadda nake haɗiye sauran.

Ran na huɗu Sista ta zo da tire. Ta warware bandejin a hankali. Ta duba, ta matsa gefe, ta shinshina.

"Jini yake yi," in ji Inna.

"Shi muke nema, Hajiya. Naman da ya mutu ba ya jini. Kin ga ja jawur? Kumburin ma ya ja baya." Ta ɗaga kai ta dube ni. "Malama, ƙafarki taki ce, in kin ga dama. In kuma kin fi son gardama, tiyata ba ta rufe ba."

Na duba. Yatsu huɗu, da wani gurbi a gefe kamar bakin da aka cire wa haƙori. Muni kam akwai shi. Amma dunduniya na nan, idon sawu na nan.

"Yaushe zan taka?"

"Yau, in kina so. A kan dunduniya kaɗai, da sanda. Taku goma, biyar zuwa, biyar dawowa, ki kwanta. Goma na ce. Kin iya ƙirga?"

Ta gama ɗaurin, ta miƙo sandar. Na sauko da ƙafafuna. Ina miƙewa sai jikina ya karkata dama, inda yatsan ya saba tokare ni, na cafke ƙarfen gado ina tsaki. Ashe shekara ashirin da bakwai yana riƙe da ni ban taɓa sani ba. Inna ta miƙo hannu, na ce ta bari. Na gyara tsayuwa.

Ɗaya. Biyu. Ruwan da ke hannuna yana lilo, Auta na biye da ƙarfensa. Biyar, na juyo. Gumi ya keto mini. Takwas, tara, goma, ga ni a bakin gado.

Ban gaji ba, abin haushin ke nan. Ga taga can, taku huɗu kacal, ana jin hayaniyar titi ta cikinta. Sista ta juya baya tana haɗa kayanta. Ba abin da zai yi mini zafi in na je, ƙafar ba za ta kai ƙarata wurin kowa ba.

Na jingine sandar, na zauna, na ɗauki ƙafar da hannu biyu na mayar da ita kan matashi.