Ƙwayar da Ke Cikin Kwamfutocin Alhaji

Ni ne mai kula da kwamfutoci huɗu na ofishin kago, wato jigilar kaya, na Alhaji Dikko a unguwar Hor Al Anz da ke Dubai. A aji uku na bar sakandare, amma inji ba ya tambayar takarda.

A 2012 na sa musu wata manhaja. Masana a Turai suna gwara ƙwayoyin zarra a ramin ƙarƙashin ƙasa, lissafin kuma ya fi ƙarfin injinansu, sai su gutsuttsura shi su raba wa masu sa kai a duniya. In kwamfutarka tana hutu ta yi nata gutsuren, a ba ka maki. Wata goma sha ɗaya ina tarawa, har sunana ya shiga dubun farko a shafin jerin masu maki: Salmanu Fagge.

Ran wata Asabar na tarar da sunan ya koma Injiniya Badaru. Badaru ɗan ƙanwar Alhaji ne, mai digiri, tare muke aiki a ofishin. Ya buga shafin a takarda ya manna a bango.

"Habibi, wa zai yarda ɗan aji uku na aiki da Turawa?" in ji shi. "Na rufa maka asiri ne."

Kwana tara ina haɗiye wannan. Ranar da ake loda kwantena, 'yan kasuwar Kwari sun cika ofis, na matsa kusa da Alhaji.

"Alhaji, ka san aikin ƙwaya Badaru yake yi wa Turawa da kwamfutocinka? Ga sunansa can a bango."

A Dubai, mai kago ba ya son jin kalmar nan ko da wasa.

"Badaru! Ƙwayar me?"

"Kawu, ba irin wannan ba ce, ta... ta kimiyya ce."

"Wace iri? Yi bayani!"

Bai taɓa karanta ko layi ɗaya ba.

"Wallahi ba nawa ba ne! Na Salmanu ne, sunan kawai na canza!"

Sai da kowa ya ji, sannan na yi bayanin zarra dalla-dalla. 'Yan Kwari suka bushe da dariya, wani ya ce, "Sannu Injiniya."

Alhaji bai yi dariya ba. "Khalas, magana ta ƙare. Ko ta masara ce, a goge ta yau."

Na ce to. Amma kafin in goge, na sa Badaru ya zauna ya mayar da sunana da hannunsa, harafi bayan harafi. Makin bai sake motsi ba, kullum wani yana wuce ni. Har yanzu nakan buɗe in duba.