Jarkar Inna Tabawa

Shekara goma sha huɗu ina shan sassaƙe don in haihu. Surukata, Inna Tabawa, ita ke kawo mini shi daga Tondibiya a cikin jarka, ni kuwa in runtse ido in shanye. Tun a shekara ta shida na san ba ni ce da matsalar ba. Lokotoro, wato likita, ya gaya wa maigidana Ƙasimu a gabana cewa jijiyoyin jini sun kumbura masa a maraina tun yana saurayi, zafin jinin da ke taruwa ya hana na hagu girma, iri ya yi rauni. An yi masa aiki, amma an makara. Ya roƙe ni in rufa masa asiri, na rufa. Ba zan ce ban ji haushi ba.

Ranar wata Lahadi muka je gaisuwa gidan wansa, Yaya Amadu, mai sayar da katako a kasuwar Katako. Muka tarar da Inna Tabawa a can, ana maganar ɗansa Mu'azu, ɗan shekara goma sha biyar, wanda ya daina ƙwallo saboda nauyin da yake ji a gaba in ya daɗe tsaye. An yi masa hoton maraina a asibiti, aka ce na hagu ya fi na dama ƙanƙanta sosai. Lokotoro ya ce ba kowa abin ke hana wa haihuwa ba, amma irin na Mu'azu gara a yi aiki yanzu.

"Ba mai sa wa ɗana wuƙa a wannan wuri," in ji Yaya Amadu. "Girma ne, zai wuce. Mu a gidanmu an taɓa jin namijin da ya kasa haihuwa?"

Inna Tabawa ta gyaɗa kai, ta ɗan kallo ni. Jarkata tana gefen ƙafarta, cike.

Na dubi Ƙasimu. Yana ta juya makullin taksinsa a hannu. Na san halin mijina, mutum ne da zai yarda ya kwana da yunwa da dai ya ce a miƙo masa cokali. Na riga na fid da rai, ina tausayin wata yarinya da ban sani ba, wadda wata rana za ta auri Mu'azu a kawo mata jarka.

"Yaya, an taɓa ji," in ji shi a hankali. "Ni ne. Abin da ke jikin Mu'azu shi ne a jikina, na yi shiru saboda kunya har lokaci ya wuce. Matata Habsatu lafiyarta ƙalau. Ka sa hannu a takardar aikin."

Can Yaya Amadu ya ce a kawo masa biro.

Da muka tashi tafiya, na miƙa hannu zan ɗauki jarkar kamar kullum. Inna Tabawa ta riƙe mini hannu, ba ta iya kallona ba.

"Bar shi, 'yata," ta ce. "Yana da ɗaci ƙwarai, ko?"

"Da ɗaci, Inna," na ce.