Lamba Shida Cikin Sakan Talatin

Wa ya fi laifi, wanda ya taka doka don aiki ya tafi, ko wanda ya riƙe ta gam har aikin ya tsaya? Mai kula da kwamfutocin ofishin, wanda ake wa laƙabi da Doka, bai taɓa damuwa da wannan tambaya ba sai da ya raba sabuwar na'urar shiga.

'Yar aba ce kamar akwatin ashana. Tana nuna lamba shida a ɗan gilashinta, bayan sakan talatin su canza. Sai ka buga su kwamfutarka za ta buɗe. Doka ya kafa sharaɗi: kada kowa ya ga lambar wani.

Yaya, mai amsa wasiƙun abokan hulɗa, makauniya ce. Shekara tara kwamfutarta na karanta mata komai a kunne, kuma babu mai saurinta a ofishin. Ta shafa na'urar gaba da baya.

"Ƙanena, wannan ba ta magana?"

"Ba ta yi," in ji Doka.

"To zo ka karanta min."

"A'a, Yaya. Ni na kafa dokar."

Sai ta koma ga maƙwabcin teburinta, Baba mai fayil. Kafin Baba ya lalubo tabarau, lambar ta gudu. In ya samo, sai ya ga takwas a wurin uku. Kuskure uku, kwamfuta ta kulle. Haka aka yi Litinin da Talata. In ta kulle a karo na uku, babban ofishi zai dakatar da Yaya sai an gama bincike.

Ran Laraba da safe Doka ya tarar da su. Baba ya miƙe hannu, ya riƙe na'urar can nesa da fuskarsa, yana ta ƙifta ido.

"Bakwai... a'a, ɗaya ce. Tsaya, 'yar nan, ta sake sheƙawa!"

"Baba, ni ce makauniya ko kai?"

Ofishin ya ɗauki dariya. Doka bai yi ba.

"Kun san dole in rubuta wannan?"

"Rubuta mana," in ji Yaya. "Amma ka fara da sunan wanda ya ba makauniya gilashi ya ce ta karanta."

Doka ya koma ɗakinsa, ya zauna cikin ƙugin injuna. In ya kai rahoto, ya hukunta ta a kan kuskurensa. In ya yi shiru, dokar ta zama wasa. Ya bincika, ya gano ashe akwai makullin da ake sokawa a jikin kwamfuta a taɓa shi da yatsa, babu abin karantawa. Ya cike takardar nemansa, a gurbin dalili ya rubuta: "Sakacina." Aka ce sai mako biyu zai iso.

Da ya dawo, Yaya ta riga ta yi kuskure biyu. Saura ɗaya. Baba na goge tabarau da gefen rigarsa, wasiƙu arba'in na jira.

"Baba, kawo nan."

"Kai, Doka! Ba ka tsoron Doka ya kama ka?" in ji Yaya.

"Sa yatsunki, Yaya, lokaci na tafiya."

Ya jira lambar ta canza, ya sunkuya dab da kunnenta, ya rage murya.

"Huɗu. Tara. Tara kuma."