Baƙin Ƙyalle a Ƙahon Saniya

Severin ya taka birki a kwana ta goma sha tara ta hanyar kan dutse, domin ɗansa Lenz ya ce amai yake ji. Bai yi aman ba. Yana fitowa daga mota ya manta da cikinsa, ya tsaya baki buɗe.

Gajimare yana ƙasa da su. Ya cika kwarin fari fat kamar an baza auduga, duwatsu sun huda shi sun fito da kawunansu masu ƙanƙarar da ba ta narkewa. Ba a jin komai sai iska, sai wani ruwa da ke zubowa can nesa daga inda ido ba ya kaiwa.

"Baba, mun mutu ne?" in ji Lenz, ɗan shekara biyar.

"Wa ya ce maka?"

"Ai ga gajimare a ƙasa."

"Sakarai," in ji yayarsa Filomena, tana tsinkar furanni a bakin hanya. "Ka taɓa jin wanda ya je sama a tsohuwar mota irin tamu?" Amma ita ma a hankali ta yi maganar, kamar mai tsoron kada dutsen ya ji.

Kwana tara ke nan suna yawo tun da suka baro gidansu a birnin Munich. Sun ratsa Suwizalan, inda yaran suka yi gasar riƙe numfashi a hanyar ƙarƙashin dutse har Lenz ya yi kuka. Sun kwana a bakin wani tafki a Italiya, sun ci burodi da cuku har sun gundure su. Severin ne ya zana hanyar da hannunsa, ya bi ko'ina, ya kauce wa kwari ɗaya tak. Yau kuwa, ranar komawa gida, matarsa Mirjam ce ta riƙe taswira, ta ce babbar hanya ta cunkushe, a bi ta kan dutse. Ya san ƙarya take yi. Ita ma ta san ya sani.

A ƙarƙashin gajimaren nan aka haife shi. Mu mutanen kwarin, babban ɗa shi ke gadon gida da shanu, ba a tambayarsa ko yana so. Severin ya ce ba ya so. Shekara goma sha biyu da suka wuce ya tsaya a bakin turke ya ce wa mahaifinsa Kassian shi ba zai ƙare rayuwarsa yana taka kashin shanu ba. Tsohon ya ce to, ya tafi, kuma ko shi Kassian ya mutu kada wanda ya kai wa Severin labari. Duk wanda ya san Kassian ya san idan ya furta magana, dutse sai ya riga shi motsawa. A farkon bazarar bana yayarsa Burgi ta aiko masa da kati mai layi biyu, cewa zuciyar Baba ta fara ba shi wahala. Severin ya sa katin a aljihun mota bai ba da amsa ba. Daga nan bai sake jin komai ba, kuma shirun nan shi ya bi shi ƙasa uku. Bai sani ba ko uban nasa yana da rai.

"Wucewa kawai za mu yi," ya ce da Mirjam da suka koma mota. "Ba zan tsaya ba."

"Na ce ka tsaya? Tuƙi kake, yi tuƙinka."

Suka shiga cikin gajimaren, suka fito ta ƙasansa. Ga makiyaya kore shar, ga rufin coci, ga gidajen katako manne a jikin gangare. A daidai gadar sama da ƙauyen wani mutum mai riga ruwan ɗorawa ya ɗaga musu hannu.

"Ku gyara gefe, ku kashe mota. Shanu na saukowa."

Severin ya juya ya kalli matarsa. Asabar ta biyu a watan Satumba. Ya manta da ranar, ita ba ta manta ba. Ta kafa ido a taswira kamar a ciki aka rubuta sunanta.

Duk bazara shanunmu a kan dutse suke, sai sanyi ya kusa a sauko da su rana ɗaya. Gidan da suka wanye lafiya, shanunsu da furanni suke saukowa. Gidan da saniya ta faɗa rami, haka nan suke zuwa ba ado. Gidan da aka yi rashin mutum kuwa, baƙin ƙyalle ake ɗaura wa saniyar gaba a ƙaho. Yaro ma a kwarin nan yana karanta wannan daga nesa.

Ƙasa ce ta fara faɗa musu. Lenz ya ce yana jin abu a tafin ƙafarsa. Sai ƙarar ta iso, ƙararrawa ɗari da ɗari, manya da ƙanana, tana bugun wannan dutse tana komawa wancan, har mutum ya rasa ta inda take fitowa. Garken farko ya ɓullo ta bayan itatuwa. Saniyar gaba tana ɗauke da kambin furanni da ya fi Lenz tsawo, da ƙaramin madubi a tsakiyarsa yana watsa rana a fuskokin mutane, tana tafe a natse, ƙararrawar wuyanta ta kai girman tukunya. Filomena ta riƙe hannun uwarta.

Garke huɗu suka wuce, duk da furanni. Severin yana jingine da mota, hannu a aljihu, ya sha kunu kamar abin bai dame shi ba. Sai ya ji ta. Wata ƙararrawa mai kaurin murya, wadda ta tsage a gefe tun zamanin kakansa, tana buga sau biyu ta shaƙe a na uku. Ko a cikin dubu zai gane ta. Ya cire hannu daga aljihu.

Saniyar ta fito, ja mai farar fuska. Babu fure ko ɗaya a kanta. Baƙin ƙyalle ne ɗaure a ƙahonta, iska tana kaɗa shi.

Severin ya zauna a kan kwalta, a gaban mutane, a gaban 'ya'yansa, ya rufe fuska ya yi kuka irin na wanda ya makara. Layi biyu aka rubuto masa, ya kasa mayar da ɗaya.

"Severin?" Matar da ke jan saniyar ta tsaya, garken ya taru a bayanta yana turereniya. Burgi ce, gashinta ya yi fari. "Kai ne? Tashi mana, me ya same ka?"

"Yaya, yaushe?" ya ce. "Yaushe ya rasu?"

"Wa?"

Ya nuna ƙyallen. Burgi ta kalli ƙyallen, ta kalle shi, ta dafe ƙugu.

"Kai dai har yanzu ba ka da wayo. Wannan naka ne. Tun shekarar da ka tafi yake ɗaura shi da hannunsa, duk shekara. Limamin coci ya yi magana, maƙwabta sun yi, ya ce shi ya san wanda ya rasa." Ta goge ido da bayan hannu. "Ga shi can a baya. Likita ya hana shi fitowa, ya ce likitan ya zo ya ɗaure shi."

Shanun suka dare, tsohon ya fito ta tsakiyarsu, yana dogara sanda. Ya rame, hularsa ta yi masa girma, yana taku uku ya tsaya ya huta. Ya zo har gaban Severin, ya dube shi daga sama har ƙasa, ya tsaya a kan fararen takalmansa na birni.

"Ka yi ƙiba," ya ce.

"Baba."

Tsohon ya kau da kai, ya dubi yaran. "Waɗannan fa?"

"Filomena da Lenz."

Filomena sunan marigayiya matar tsohon ne. Ya kafa wa yarinyar ido. Lenz ya matso ya leƙa ƙarƙashin hular.

"Kai ne Kaka? Baba ya ce ka mutu."

"Babanka ya daɗe da iya yanke hukunci da wuri," in ji Kassian.

Ya juya ga saniyar, ya miƙa hannu zuwa ƙahon. Ƙullin ya ƙi kwancewa. Ya gwada sau biyu, shanu suna ta kuka a baya, masu motoci suna kallo. Bai waiwayo ba ya yi magana.

"Za ka tsaya kana kallona ne? Hannuna ba ya iya ƙulli yanzu."

Severin ya tashi. Ƙullin ya yi tauri, irin ɗaurin da tsohon ya koya masa yana yaro, sai da ya sa haƙori. Ya miƙa ƙyallen, tsohon ya ninke shi ya cusa a aljihu. Filomena ta kalli furannin hannunta, sun yi laushi tun daga kan dutse, ba su fi goma ba. Burgi ta ɗaga ta sama ta soke su a igiyar ƙahon. Ba a taɓa saukowa da kambi mai ƙanƙanta irin wannan ba a kwarinmu.

"Karɓi igiyar," in ji Kassian. "Gangaren gada yana da santsi, yayarka ta gaji."

Mirjam ta riga ta zauna a kujerar direba. Ƙararrawar ta buga sau biyu, ta shaƙe a na uku, garken ya motsa. Taku na huɗu Severin ya ji ƙafarsa ta nutse cikin abu mai ɗumi har idon sawu. Bai duba ƙasa ba.