Kunun da Siddiƙu Ya Dama

Bayan an yanke wa Achta ciwon dajin maƙogwaro, Dokta Josiane ta ce da saura. Wuƙa ba ta kai wa ga sauran, sai wata ƙwayar magani ta sinadarin aidin mai ƙuna da jirgi ke kawowa Yawunde. Amma sai an bar ciwon da yunwar aidin tukuna, don ya haɗiye ƙwayar da haɗama, ita kuma ta ƙone shi daga ciki. Ba gishirin leda, ba kifi, ba nono, don duk akwai aidin a cikinsu.

Achta ta koma Garwa ta riƙe dokar nan kamar azumi. Mijinta Abubakar Siddiƙ, direban motar auduga a Pitowa, shi ne ya kasa. Wai a zafin Garwa mace tana rawar sanyi cikin bargo! Fuska ta kumbura, tsintsiya ma ta gagare ta. Tausayi ya hana bawan Allah sakat.

Ranar kasuwa ya kai kukansa wurin mai magani. Aka auno masa wani koren gari na ciyawar teku, wai daga Duwala, mai narkar da maƙoƙo. Siddiƙu ya shinshina. Ai ba gishiri ba ne, ba kifi ba. Ya san halin matarsa, ba za ta sha ba, sai ya karɓe damun kunu daga hannunta. Kullum da safe cokali guda na garin a cikin kunun, ya rufe da tsamiya. Maƙwabta har tsiya suke masa, wai soyayya ta mai da direba kuku.

Suka bi ta Ngawundere, jirgin ƙasa ya kai su Yawunde. Achta ta haɗiye ƙwayar, aka killace ta, da ta fito aka ɗauki hoton jikinta.

Siddiƙu ya leƙa allon hoton, ya ga wuya fes, ko ɗigo babu.

"Alhamdu lillahi! Dokta, ta warke ke nan?"

Josiane ba ta yi murmushi ba. Ta kama yatsansa ta ɗora kan wani ƙullutu a wuyan Achta.

"Ga shi nan, Malam. Da ciwon ya sha maganin, da nan ya haska a hoton. A ƙoshe da aidin maganin ya same shi, duk ya bi fitsari. Sai an yi watanni kafin a sake, shi kuwa ba jira zai yi ba." Ta juya ga Achta. "Madam, me kika ci? Ko jiƙo, ko garin ganye? Wasunsu cike suke da aidin."

Ran Achta ya ɓaci. Ta ce cikin dusasshiyar murya, "Wallahi Dokta ban karya doka ba. Tambayi Malam. Ban da kunun da yake dama mini da hannunsa, ba abin da ke shiga cikina da safe."

Ta dube shi, tana jira ya shaide ta.

Fulas ɗin kunun da ya dama mata da safe na hannunsa, da sauran ɗumi.